Tsohon Wasan Jatau da Sabon Safara'u

"...ya gida, ya su Inna, ya kasuwa, ya haƙuri da tsufa?"

"Lahiya lau, baiwata. Tsufan kuma ki gaishe shi a gidanku."

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika. Jatau na zaune a shagonsa na buga takardu, mai gaisuwar kuma Safara'u ce, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa, ɗalibar poli. Ta ajiye 'yar na'urar ajiya a kan tebur. A ciki akwai sabuwar fitowar wasan kwamfutar da Jatau ya shekara tara yana buga tsohonsa, wasan da bama-bamai suka cinye duniya, mutum ya fito daga rami yana neman ruwa. Aro ta yi wajen ƙawarta, wadda za ta wuce Bakura da la'asar. Kwamfutar shago cike take da takardun mutane, na'urar ma cike. Wuri ba zai isa ba sai an goge tsohon wasan, da duk inda Jatau ya kai a cikinsa.

"Goge min wanga kayan tarihi in zuba na mutane."

"Shekara tara ki ce in goge? Ke shekara tara da sunka wuce majina kike sha."

"Mutanen cikin wasanka kamar tururuwa. Sai ka sa tabarau kake gane namiji da mace."

"Amma suna da ladabi. In faɗa ya tashi, ka harba ka tsaya, shi ma ya harba. Kowa da layinsa."

"Wane ɗan bindiga ka taɓa ganin ya tsaya layi? Hanyar Maradun anka koya maka haka?"

"Naku hwa? Na gani wajen maƙwabcina Mujahid. Gudu, harbi, gudu, harbi. Mutum ya tare ka da magana, amsa huɗu ce: i, a'a, i da gatse, sai an jima. A nawa sai ka zauna da shugaban 'yan fashi, ka yi ta ja mai magana har ya ajiye bindiga da kansa."

"To mi ya hana ka ƙare shi?"

"Ban gama gaisawa da mutane ba."

"Na sani. An aike ka neman ruwa, mutanenka na mutuwa da ƙishi, kai kana bin gida-gida kana tambayar kowa iyalinsa."

"Ba a shiga gari a wuce mutane. Ni ba tarbiyyar gidan kawu gare ni ba."

"Gidan da Innarka ta hito?"

Jatau ya yi tari, ya gyara zaman hularsa.

Safara'u ta fito da wayarta. "Abin da naka bai iya ba, bawana. A sabon kana tara kwano da katako ka kafa gari. Duba abin da na gina a kwamfutar ƙawata."

Hoton gida ne mai zaure da rijiya. Jatau ya gane shi tun kafin ta faɗa: gidan kakarsu na Gidan Goga, wanda suka baro shekara huɗu saboda 'yan bindiga, babu wanda ya koma. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ce ki sa rumbu yamma da rijiya?"

"Nan yake."

"Gabas yake, bayan turken awaki. Ke da hutu kawai kike zuwa, ki sha hura ki gudu. Ƙofar zaure kuma kudu take kallo. Wanga ba gidan Kaka ba ne, tashar mota ce."

"To gyara."

"A waya?"

"Hoto ne kawai. Ginin na cikin na'urar nan. In an kira la'asar, ya tahi Bakura."

Jatau ya juya ga kwamfuta. Ɗan mutuminsa na cikin wasan na tsaye ƙofar wata bukka, yana jiran a danna shi.

"Bari in yi sallama da jama'a."

"Gida nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Jatau."

Ya yi dariya, ya tashi daga kujerar, ya tura mata ita da ƙafa.

"Goge, baiwata. Amma ni ke aza rumbu. In na bar miki, cikin makewayi za ki zuba geron Kaka."