Rasuwar Goggo, Na'urar Hoton Ciki, Tana Tsakiyar Magana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoro kuma, nake sanar da 'yan'uwa da masu zuwa awo rasuwar na'urarmu ta hoton ciki, wadda muke kira Goggo. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a ɗaki na biyu na ƙaramin asibitinmu. Ni ce mai share ɗakinta da goge jikinta, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Marigayiya mai rufin asiri ce. Ta leƙa cikin matan unguwa kaf, ba ta taɓa kai gulmar kowa ba. In an kunna ta sai ta ce "tiiit", ta yi gyaran murya irin na dattawa, can a ji "fat-fat-fat-fat", bugun zuciyar ɗan da bai zo duniya ba. Ta hana mata da yawa tafiyar awa huɗu zuwa babban asibiti a banza. Wasu kuma ita ta kora su can da gudu, tun jini bai ɓalle ba. Kuɗin ganinta bai kai ko na mota ba.

Ta yi fama da tsufa. Allonta ya yi hazo, alamar da ke jikin hannunta, wato abin da ake goga wa mace a ciki, ta shafe. Sai Sista ta manna filasta a gefe guda: filasta ta dubi kan mace, an san sama, an san ƙasa. Ranar Litinin da safe na ga filastar ta yi baƙi. Na ɓare, na wanke wurin tas, na manna sabuwa. Ba wanda ya sa ni.

Ta uku a layi 'yata ce, cikin fari, wata takwas. Ta kwanta, ana shafa mata man awo mai sanyi a ciki, tana tsokanar Sista: "Wannan man naki, a firji kike ajiye shi?" Sista na dariya ta ɗora mata hannun Goggo a ciki. Sai dariyar ta ɗauke. "Tsaya, 'yar nan, kar ki motsa. Kamar mabiyiya nake gani a ƙasa." Goggo ta ce "tik". Allo ya yi baƙi. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Da 'yata ta fita, ba tare da ta gane hatsarin ba, na faɗa wa Likita gaskiya: ban san ko gefen da na ɓare na mayar da filastar ba. Ya ce in na juya ta, to mabiyiya na sama inda ya kamata, tafiya babban asibiti za ta cinye tanadin haihuwa a banza, ga hanya duk ramuka, ba ta mai tsohon ciki ba ce. In ban juya ba, mabiyiyar ta tare ƙofar fitar jariri, kuma naƙuda a nan ba jinin ƙari. "Iya, ki tuna mana," ya ce. Kwana uku ina riƙe hannun nan, ina juya shi a tafina. Ban tuna ba.

Mai gyara ya buɗe Goggo, ya shinshina, ya ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar firinta guda mai buga hoto, gadon gwaji mai ƙafa ɗaya a kan bulo, rabin kwalbar mai, da mata ashirin da shida masu katin awo. Allah ya ba su dangana.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a ƙarfe goma na safe, a bayan asibiti, in 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun iso da sikelinsu. Ana roƙon su sauke ta a hankali. Sista ce za ta karɓi gaisuwa, don ni ba na nan: mun kama kujerar gaba a motar farko zuwa babban asibiti, ni da 'yata da filo biyu. Na roƙi direba ya bi ramukan sannu, ya ce zai gwada. 'Yata kuwa na ce mata awo ne kawai. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya kai mata.