Yadda Za Ka Kori Ƙanin Matarka da Sunan Annobar Mura

Kai da baƙo ya zo maka kwana biyu ya shekara, matso kusa. Wannan dabara ba ta taɓa faɗuwa ƙasa banza ba. A wurin maƙwabcina Tela na gan ta, wanda ƙanin matarsa ya kankane masa ɗakin da yake son kafa keken ɗinki.

1. Nemi duba-gari

Hukuma ta ce kowace unguwa ta tanadi ɗakin killace masu mura tun annoba ba ta iso ba, kowa kuwa sai noƙewa yake. Tela ya tare duba-gari a hanya.

"Ranka ya daɗe, na ba ku ɗaki. Kai dai fitar min da abin da ke ciki."

"Kaya ne?"

"Kaya ne, amma mai ƙafafu."

Suka tafa.

2. Marairaice wa matarka

Ka ce, "Wallahi ba don ran jama'a ba, ina ni ina raba ki da ɗan'uwanki?" In hawaye ya ƙi zuwa, murza ido.

3. Gyara ɗakin

Hukuma ba ta karɓar kango. Tela ya yi fenti, ya sa sabuwar katifa da bokitin wanke hannu, har ya ɗinka labule da takunkumi. Mai son rabuwa da ƙaya ba ya ƙyashin allura.

4. Hana duba-gari dogon bayani

Nan Tela ya yi sake. Duba-gari ya tsaya tsakar gida yana zuba: duk wanda ya kamu, ba fita, ba aiki, abinci har bakin ƙofa. Gogan naka, ƙanin matar, yana cikin ɗaure jaka sai ya tsaya cak. Ya kalli katifa. Ya saki atishawar da ta kori kaji.

"Yaya, jikina fa wani iri."

"Ƙarya yake! Warin fenti ne!" in ji Tela.

"Ba a gardama da annoba," in ji duba-gari, ya tura shi ciki ya ja ƙofa.

5. Duba wa ya ci

Duba-gari ya sami ɗaki har da majinyacin farko, an yaba masa a ofis. Gogan ya yi kumatu. Tela kuwa shi ke kai masa tiren abinci bakin ƙofa, sanye da takunkumin da ya ɗinka da hannunsa. In ya taka keke a ƙarƙashin rumfa, matar ta leƙo: "A hankali mana, mara lafiya na barci."

Na ce dabarar tana ci, ban dai ce wa take ci ba. In taka ta juye, babu ruwana, kuma kada ka ce za ka zo gidana ka kwana biyu.