Ƙudajen Bayan Adaka

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba," in ji Kaka, ko kai ba ta ɗago ba. "Wa ya aiko ka?"

"Sai an aiko mutum zai zo ganin matarsa?"

"Mijin da ke zuwa da jakar guba? Bar ta a waje."

Jikanta ne na fari, sana'arsa feshin maganin ƙwari a gidaje da ofisoshi. Tun yana rarrafe take ce masa maigida, shi kuma ya tashi yana kiranta amarya mai haƙori uku. Yau kam ta san abin da ya kawo shi. An kwana biyu wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙudaje sun addabi ɗakinta, suna faɗa mata a shayi, suna taruwa a gilashin taga. Surukarta, wato uwarsa, ta gama gaya wa duk wanda ya shigo gidan cewa tsohuwa ta fara ɓoye abinci a ƙarƙashin gado tana mantawa. Ɗanta kuma ya ce in haka ne sai a mayar da ita ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, inda ido zai riƙa kaiwa. Ita da ko cokali ba ta taɓa barin ya kwana da datti ba.

Ya jiƙa yatsa da miyau, ya ɗauko guda daga taga, ya sa gilashin ƙara girma yana juya shi a haske.

"Kin ga ƙafafu dogaye kamar tsinke, ga jiki baƙi a ƙanjame. Wallahi amarya, danginku ne."

"Hancinka ne dai a fuskarsa. Da aka haife ka ungozoma sai da ta nemi gilashi irin wannan kafin ta gan ka."

Ya yi dariya, amma bai daina dubawa ba. Ya yi mata bayani cewa ƙudan da ke bin ragowar abinci da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace jajayen idanu gare shi, gajere ne mai tumbi. Wannan kuwa fukafukansa kamar hayaƙi, ga gashi biyu dogaye a ka, kuma ya fi son gudu da ƙafa a kan tashi. Babu ruwansa da kwanon kowa. Inda katako ya jiƙe ya yi fumfuna, nan yake zuba ƙwai.

Kaka ta gyara zama. "Maimaita. Ba abinci ba?"

"Ba abinci ba. Ke rowarki ma ta bar ki ki rage wani abu?"

Ya bi bango yana shafawa da tafin hannu har ya iso wurin adakarta, babban akwatin katakon da marigayi mijinta, kafinta, ya ƙera mata da hannunsa. Ta ce kada ya taɓa. Ya ce zai taɓa, ai gadonsa ne. Da ya ja, sai bayan adakar ya rabu ya tsaya manne da bango. Wani warin danshi ya taso, ƙudaje suka tashi buu. Katakon ya yi laushi kamar soso, fumfuna ta lulluɓe shi, ga ƙananan tsutsotsi farare masu baƙin kai suna motsi a ciki. Zannuwan da ke ƙasan adakar duk sun haɗe. Bangon kuwa sharkaf yake, daidai inda ɗanta ya gina wa matarsa sabon banɗaki a ɗaya gefen.

Ta daɗe tana kallo. Ta sha gaya musu tana jin ɗigar ruwa, suka ce kunnen tsufa ne.

"To ka fesa musu gubar taka, malalaci."

Ya ce feshi ba zai yi komai ba. Sai an fasa bangon an canza bututu, a bar ɗakin ya bushe, adakar kuma wuta ce maganinta. Bai iya kallonta ba da ya ƙara da cewa kafin a gama, dole ta koma ɗakin jikin kicin.

"Ashe ko ta ina sai sun kai ni can," ta ce. "Ina da laifi, kicin. Ba ni da laifi, kicin. Kai kuma wane irin miji ne, ka zo ka wanke ni ka kore ni rana guda?"

"Irin wanda ya auri tsohuwar da ƙuda ma bai yarda da girkinta ba."

"Saurara. Ka je ka gaya wa uwarka da ubanka, da ƙarfi, maƙwabta na ji, cewa ba ƙazantata ba ce. Banɗakinsu ne."

"Har tsutsar zan kai musu a faranti."

Ta sunkuya da ƙyar, ta kama kwaɗon tagulla da ke gaban adakar. Katakon ya riga ya mutu, jan farko ya fito da ƙusoshinsa. Ta goge shi da gefen zani, ta cilla masa a cinya.

"Ungo ladan aikinka. Shi kaɗai ne bai ruɓe ba a gidan nan."

"Har da ke?"

Dariya ta ƙwace mata, gajeruwa, mai ɗaci. "Har da ni, ɗan banza. Kama can gefen adakar mu fitar da ita."