Filashin da Ya Kwana a Cikin Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata 'yar ƙara da na ji a bahon wanki ranar wata Asabar da hantsi. Ƙwal! Ina matse zanena wani abu ya faɗa. Na laluba cikin kumfa, sai ga filashin da ke ɗauke da bidiyon saukar Alƙur'anin 'yata Asma'u.

(Kada ku tambaye ni me ya kai shi can. Duk abin da nake tsoron ya ɓata, a bakin zane nake ƙulle shi. Haka na ga mahaifiyata tana yi da makullin ɗaki.)

Bidiyon kuwa don Inna aka ɗauka, uwar maigidana, wadda ciwon ƙafa ya hana zuwa wajen saukar har ta yi ta kuka. Maƙwabciyata Maman Rahila, malamar makaranta, ita ta zuba mini shi daga kwamfutarta, ta goge nata don wuri ya cike mata. Washegari da la'asar za a taru gidan Inna a Tudun Wada a kalla.

Na shanya shi a rana, sai na tuna ranar Sakkwato silifa ma narkar da shi take yi. Na ɗauke, na turara shi a kan kasko tare da mayafaina, wai ya sha ɗumi. Can na tuna a zauren matan unguwarmu na waya an taɓa cewa wayar da ta faɗa ruwa a shinkafa ake binne ta. Na yi bisimilla na cusa shi cikin kwanon shinkafa 'yar gida. Ban gaya wa kowa ba, har maigidan.

Falon Inna ya cika da mata, ga zoɓo ga cincin. Hafsa, ƙanwar maigidana, ta soka filashin a talabijin, ya ƙi shigewa. Ta juya shi, ta sauya rami, ta kashe ta kunna. Shiru.

Na ce, "Anya ba talabijin ɗin ba ne?"

Inna ta ce, "Wagga talabijin? Jiya na kalli tafsiri cikinta."

"To ko kwamfutar da aka zubo shi ce. An ce suna ɗaukar cuta."

Maman Rahila tana gefena fa, da kofin zoɓo a hannu. Ta dube ni kawai. (Allah Ya yafe mini. Ban dai ce wallahi ba, wannan na kiyaye.)

Na karɓi filashin na karanta Falaƙi da Nasi na tofa masa. Hafsa ta amsa, ta kai shi hanci. "Anti, wanga filashi amarya ne? Ji ƙamshi!" Ta leƙa bakinsa, ta ɗan buga shi a kan faranti.

Ƙwal! Ƙwayar shinkafa. Ta sake bugawa, ga wata. Asma'u ta kawo tsinken tsintsiya ta zaƙulo ta ƙarshe, wadda ta toshe hanyar.

Inna ta ɗaga ƙwayar tana dubawa. "Ɗiyar nan, hadda shi kika girka muna?"

Falon ya ɗauki dariya. Da akwai rami a ledar ɗakin da na shige. Dole na kwashe labarin tun daga baho, har da kaskon.

Hafsa ta sake sokawa. Sai ga muryar Asma'u ta cika ɗakin tana jan Baƙara. Inna ta matso dab da talabijin tana share hawaye da gefen ɗankwali, ni kuma ina nawa kukan a bayan mayafi, rabi na daɗi rabi na kunya.

A hanya na roƙi Maman Rahila gafara. Ta ce ita ta yafe, amma kwamfutarta sai ta yi shawara.

Tun ranar na gane ɓarna idan ka yi ta ka faɗa da bakinka, tun kafin ta faɗo a faranti gaban surukai. Na kuma daina ƙulla komai a zane, sai dai goro.

Da muka isa gida na shiga ɗora sanwa, autata Nana ta biyo ni ta tsaya kan kwanon shinkafar.

"Umma, gobe ki sa wa filashin wake da mai da yaji. Shinkafa gaya kika ba shi, shi ya sa ya yi fushi."