Yadda Za Ka Kumbura Damtse Kafin a Ɗauki 'Yan Kwana-Kwana

Gwamnan soja ya ce a ɗauki ƙarti aikin kashe gobara, ga kai kuma da hannu kamar sillen kara. Kwantar da hankalinka, dabarata ba ta taɓa ƙin ci ba. Sodangi, wani tela a Ƙofar Kware, ya bi ta tiryan-tiryan, don ya gaji da keken ɗinki, ransa duk yana kan kaki da jar motar nan.

1. Tare wa jini hanya

Yanko robar tayar keke ka tamke damtsenka, daidai inda 'yan dambe ke ɗaura kambu. Jini yawo ne da shi. In ka tsare shi wuri guda, dole ya zauna ya gina maka nama.

2. Ɗaga nauyi

Cika manyan gwangwanaye biyu da siminti, ka soka ƙarfe a tsakani. Ɗaga, sauke, ɗaga. In kai ya fara sarawa, jijiyar goshi ta miƙe, ƙarfi ne ke shiga.

3. Toshe kunne

Iyatu, mahaifiyar Sodangi, ta leƙo ta ga idanunsa jawur.

"Kai ɗan nan, mi kaka yi ma kanka haka? Kwance abin ga!"

"Inna, aikin gwamnati nika biɗa."

Ka ji amsar maza.

4. Ranar awo

Malamin asibiti zai naɗa maka wani ƙyalle a damtse ya riƙa hura masa iska. Da aka naɗa wa Sodangi, ya ɗauka gwajin ƙarfi ne. Ya cije baki, ya dunƙule hannu, ya riƙe numfashi, awon ya yi ta hawa.

"Malam, saki jikinka," in ji malamin.

"Ƙara iska, likita, ban gaji ba!"

Aka bari ya huta aka sake aunawa, malamin ya girgiza kai.

"Hawan jini gare ka. Ba ka hawa tsani, kuma ka bar gishiri. Na baya shi matso!"

A ranar, Sodangi ya yi baƙin cikin da ko tuwo bai iya ci ba.

Gargaɗi

In jiri ya kwashe ka, kada ka doso ƙofar gidana, ni ba likita ba ne. Shi kansa Sodangi bai ga laifina ba. Yana nan kan kekensa, yana gaya wa masu kawo ɗinki cewa an ƙi ɗaukarsa ne don ya fi ƙarfin injin gwamnati.