Ranar da Na Ɗinke Kaina a Bargon Amarya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Zulai ba, ko da kuwa kowa a garinmu ya yi mini alfarma ya manta (kuma har yau ba wanda ya yi mini wannan alfarmar). Zulai 'yar yayana ce, ni kuwa tela ce tun ina budurwa. Daga ƙauyenmu har cikin Kunci, in ana maganar ɗinkin mata sai an ambace ni, kuma ban ɓoye muku ba, abin ya hau mini kai.

A shekarar ne Alhaji Sale, mai fataucin wake a Dawanau, ya sayo wa matarsa Hajiya Rabi wani injin ɗinka bargon gado, irin mai auduga a tsakiya. Abu ne zanƙalele, ya cinye rabin shagon ƙofar gidansu. Ana ɗaure yadin a jikin wasu dogayen ƙarafa ya miƙe tsaf, sai ki kama hannuwa biyu kamar na babur ki riƙa yawo da kan injin a samansa. Wato a nan ba yadi ake turawa ba, injin ake tuƙawa. Ina ganinsa na bugi ƙirji a gaban uwar amarya na ce bargon ɗakin Zulai ni zan ɗinka da hannuna, ita ce gudummawata.

Hajiya Rabi ta je birni ta koyo, don haka ta zaunar da ni za ta yi mini bayani. Ta fara da maɓallan da ke jikin hannun.

Na katse ta. "Haba Hajiya, allura ai allura ce. Nuna mini inda ake kunnawa kawai."

Ta ce, "To, Gwaggon amarya, Allah ya ba da sa'a." Ta nuna mini.

Kwanakin farko a kan tsumma na yi ta gwaji, Hajiya na tsaye a gefe. Duk lokacin da na gaji sai in ce ya isa, ita kuma ta miƙo hannu ta taɓa wani abu, injin ya tsaya. Ban taɓa kallon abin da take taɓawa ba. Furannin da nake zanawa kuwa, kamar kaji sun yi tono a tsakar gida, amma a hankali suka fara kama da fure.

Hidimar biki ta sa ban gama bargon ba sai ranar jere. Da safen nan na fara tsifa, na kwance rabin kaina, sai aka aiko wai motar kayan ɗaki za ta tashi bayan azahar. Na zumbula dogon hijabin anko, shuɗi sabo fil, ko ɗankwali ban ɗaura ba (wa zai leƙa ƙarƙashin hijabi?), na nufi shagon.

Saura kusurwa ɗaya in gama, Hajiya ta shiga gida ɗebo ruwa, sai ga Alhaji Sale da baƙi uku, dattawa daga dangin ango, ya kawo su ganin injinsa. Maimakon in jira, sai na ga ranar nuna gwaninta ce. Na sunkuya, na kunna, ina tuƙi ina amsa gaisuwa, idona a kan baƙi. Gaban hijabina ya kwanta luf a kan bargon ban sani ba, sai da na ji ana jan wuyana ƙasa.

Kun san abin da na yi? Ƙafa na shiga bugawa a ƙasa ina neman feda, kamar a kan keken ɗinkina na gida. Babu feda. Na ja injin baya, ya bi hijabin ya ɗinke. Na tura shi gaba, ya ƙara wani layin. Goshina ya kusa taɓa bargon, ina ta salati, Alhaji na kewaya ni yana cewa, "Kashe mana, Gwaggon amarya! Kashe!" Shi ma ashe saye kawai ya iya.

Hajiya Rabi ce ta rugo ta danna maɓallin. Yana nan daidai ƙarƙashin babban yatsana.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, cikin tausayi, "Baiwar Allah, ki zare hijabin mana ki huta."

In zare? Da rabin kai a tsefe, tsaye kamar tsintsiyar kwakwa, a gaban surukan Zulai? Na ce, ina duƙe, "A'a Baba, ai haka ake duba ɗinkin." Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har hawaye sai da ya zo mini.

Da mazan suka fita (ina jin dariyarsu tun daga zaure), Hajiya ta duba ta ce farke ɗinkin zai huda bargon, ga mota tana jira. Ko bargon Zulai, ko ankona. Na rufe ido na ce ta kawo almakashi. Ta yanke ni daga jikin bargon, ta zagaye guntun da ya rage da ɗinki, wai ya zama fure. Biki guda na yi shi da aron mayafi, kowa shuɗi, ni kaɗai ruwan ƙasa.

A wurin jere wata tsohuwa ta daɗe tana kallon furen, sannan ta ce, "Wannan kuwa akuya ce ta fara ci aka kore ta?"

Zulai ta ƙi yarda a cire shi. Har yau duk baƙuwar da ta shiga ɗakinta sai ta ɗaga kusurwar ta ce, "Ga Gwaggona nan." Ni kuwa yanzu na iya injin sarai, har koyarwa nake yi. Duk wadda ta zo, kafin ta taɓa komai sai na ɗaure mata hijabi ta baya, kuma ba na nuna mata inda ake kunnawa sai ta nuna mini inda ake kashewa.