Rigar da Baba Tanimu Bai Auna Ba

Wani ɗalibin kimiyya ne a Samaru, Nazifi, siriri kamar tsinken tsire. Shekara huɗu yana fama da bincike kan ƙwayar ƙarfe guda ɗaya tal da ta maƙale a cikin zinariya. Ranar da lissafinsa ya fita, saura mako ya tsaya gaban manyan malamai ya kare aikinsa, sai ya buɗe akwatin mahaifinsa marigayi, ya ɗauko shaddar da ya bari ba a ɗinka ba, har yanzu da ƙamshin turarensa. Ya ruga wurin Baba Tanimu tela, wanda ya shekara talatin yana yi wa marigayin ɗinki. Shi kuwa marigayin ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Ko zama Nazifi bai yi ba ya fara zuba: "Baba, ya fita! Idan aka sanyaya zinariyar, lantarkin cikinta sai ya taru ya lulluɓe baƙuwar ƙwayar nan kamar an rufa wa jariri zane. Jan ƙarfe ma haka, azurfa ma haka. Kowanne da irin sanyin da yake jira, amma ka raba kowa da ma'auninsa, wallahi sai duk su hau layi ɗaya! Babba da ƙarami, duk ɗaya ne!"

Baba Tanimu, igiyar awo a wuya, ya ce, "Ikon Allah! Duk ɗaya?"

"Duk ɗaya, Baba!"

Murna ta kwashe shi ya fice, ba wanda ya tuna da awo.

Da safiyar ranar kare aikin ya zo karɓar ɗinki, saura awa guda a kira sunansa. Ya zura riga. Hannu ya wuce yatsunsa ya ci gaba da tafiya, gindin riga na sharar ƙasa, wuya ya zame har kafaɗa. Masu wucewa suka fara tsayawa.

"Baba! Wannan ai awon mahaifina ne! Haka zan shiga gaban farfesoshi?"

Tsohon ya ja baya, ya kalle shi sama da ƙasa, idonsa ya ɗan kawo ruwa. Sai ya gyara tabarau, ya koma kan kekensa.

"Kai da bakinka ka ce babba da ƙarami duk ɗaya ne. Ni na yi nawa, ɗana. In ka shiga, ka ce su raba kowa da ma'auninsa."